Me ya sa kwamfuta ke daina ganin faifan da aka jona mata tana kunne bayan an sabunta kanel?

Yaya za a yi kwamfutar da jiya-jiyan nan take karɓar faifan ajiya idan an jona mata shi tana kunne, yau ta yi gum kamar ba a sa mata komai ba, alhali waya ita ce dai ta jiya, faifan ma lafiyarsa ƙalau, abin da kawai ya shiga tsakani shi ne sabunta manhajar Linux? Wannan tambaya ta yawaita a bakin masu gyaran kwamfuta na Akra, daga shagunan Nima da Mamobi har zuwa layin Tip Toe da ke Circle, musamman tun da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Da yawa daga cikin injinan da muke aiki da su na hannu ne da suka shigo ta tashar Tema, ba su kuma cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai masu su suka koma Linux, wasu da son ransu, wasu don babu yadda za su yi.

Amsoshi biyu nake yawan ji, kuma kowace tana jawo asara. Ta farko ita ce faifan ya mutu, a ba mai shi haƙuri. Ta biyu ita ce sabon kanel ɗin ba shi da kyau, a koma tsohon a zauna a kansa, kada a ƙara sabunta komai. A yawancin lokutan da na bi diddigin wannan matsala, faifan yana da rai, kanel ɗin kuma yana yin abin da aka tsara masa ne. Labarin isowar faifan ne ya katse a wani wuri a kan hanya, aikin mai gyara kuma shi ne gano wurin.

## Mene ne kanel, mene ne jonin zafi?

Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke magana kai tsaye da ƙarafan kwamfuta. Shi ke raba ƙwaƙwalwa tsakanin shirye-shirye, shi ke riƙe da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa allo da madannai da fayafai. Linus Torvalds ne ya fara na Linux a 1991, kuma a yau sabon zubinsa yana fitowa duk bayan mako 9 zuwa 10. Masu haɗa Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint suna ɗaukar wani zubi su gina a kansa. Debian 12 ta zo da kanel 6.1, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ta zo da 6.12. Ubuntu 24.04 ta fara da 6.8, daga baya aka ɗaga masu amfani da ita a kwamfutar tebur zuwa 6.11, sannan 6.14. Wanda ya danna maɓallin sabuntawa sau ɗaya yana iya tsallake canje-canjen shekara ɗaya ko biyu ba tare da ya sani ba.

Jonin zafi kuwa shi ne abin da ake kira hotplug da Turanci, wato sa wa kwamfuta na'ura ko cire ta ba tare da an kashe ta ba. Kowa ya saba da shi a filashin USB. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne SATA, wato hanyar da ake jona faifan ajiya a cikin kwamfuta, ita ma an ƙera ta da wannan damar tun asali. Duk wanda ya ɗaga faifan SATA ya dubi bakinsa a haske zai ga haƙoran ba tsawonsu ɗaya ba: akwai 7 na bayanai, akwai 15 na wuta, kuma an tsawaita wasu ne da gangan don na kariya, wato na earth, su fara taɓawa kafin wuta ta shiga. Tsohon filogin wuta mai haƙora 4 ba shi da wannan tsari, shi ya sa jona faifai da zafi ta irinsa kasada ce.

Haƙora kaɗai ba su isa ba. Dole ne guntuwar lantarki, wato chip, da ke kula da ƙofofin SATA ta kasance a sabon yanayin aiki mai suna AHCI, domin tsohon yanayin IDE bai san jonin zafi ba, kuma dole ne kanel ya kasance yana sauraren ƙofar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya canja.

## Hanyar da labarin faifai ke bi kafin ya bayyana a allo

Da zarar faifan SATA ya sami wuta, sai ya aika wata alama ta cikin wayar bayanai, wadda ake kira COMINIT, kamar baƙon da ya yi sallama a bakin zaure. Guntuwar da ke kula da ƙofofi ta ji sallamar ta kaɗa wa kanel ƙararrawa. Direban ahci tare da libata, wato sashen kanel mai kula da fayafan SATA, su daidaita layin, su tambayi faifan sunansa da girmansa, sannan a yi masa rajista da suna irin sdb ko sdc. Daga nan kanel ya sanar da udev, wanda ke tsara sunaye da izini, a ƙarshe udisks ya buɗe abin da ke ciki ya nuna shi a allo.

Zango huɗu ke nan: wuta da waya, ƙararrawa da direba, sanarwa, sai buɗe fayiloli. Ga mai kallon allo, duk inda labarin ya mutu sakamakon ɗaya ne, wato bai ga faifansa ba. Ga mai karanta rahoton kanel, kowane zango da irin alamarsa. Saboda haka kafin a taɓa sukurudireba, a buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, a rubuta `sudo dmesg -w`, a bar shi a buɗe, sannan a jona faifan ana kallo. Idan layuka suka zubo, ko da na kuskure ne, to kanel ya ji sallama, matsalar tana gaba. Idan ko layi ɗaya bai fito ba, to sallamar ba ta isa kunnensa ba, kuma wannan shirun shi ne babbar shaida. Ana iya buɗe taga ta biyu da `udevadm monitor` don ganin ko sanarwa ta wuce zuwa zango na uku, sannan `lsblk` ya nuna ko faifan ya sami suna.

## Abin da ya canja daga kanel 6.9

Layin SATA yana cin wuta ko da babu bayanan da ke wucewa ta kansa. Don rage wannan, an tanadar masa matakan barci. Akwai gyangyaɗi da ake kira Partial, wanda layin ke farkawa daga gare shi cikin kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa, akwai kuma barci mai nauyi da ake kira Slumber, wanda farkawarsa kan kai kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. Kwamfuta na iya neman a yi barcin, faifan ma na iya nema da kansa.

A kanel 4.15, a farkon 2018, Hans de Goede ya shigar da wani tsari mai suna `med_power_with_dipm`, wanda ya yi daidai da yadda Windows ke tafiyar da laftof masu guntuwar Intel, kuma yana rage cin batir da kimanin watt ɗaya ko fiye. Ga laftof wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lokacin, kanel yana ɗora tsarin ne a kan wani jerin guntaye da aka san na laftof ne kawai. Kwamfutocin tebur da sabobi an bar su yadda BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da inji kafin Linux, ya saita su, wanda a mafi yawansu yana nufin layin a farke yake dare da rana.

Kanel 6.9, wanda ya fito a Mayun 2024, ya soke wannan bambanci. Daga nan duk guntuwar AHCI da ta ce tana iya barcin, ana ɗora mata tsarin da masu haɗa manhajar suka zaɓa, sannan a 6.11 aka mayar da wancan tsari na de Goede ya zama zaɓin asali. Dalilin a fili yake. Injinan zamani ba sa iya shiga zurfin hutunsu matuƙar layin SATA ɗaya na farke, kuma iyakar da ke tsakanin guntuwar laftof da ta tebur ta daɗe da gogewa.

Ga inda gizo ke saƙa. A idon guntuwa, layin da ya yi barci da layin da aka zare wa faifai kamanninsu ɗaya, dukansu shiru ne. Takardar ƙa'idojin AHCI kanta ta bayyana cewa ba za a iya dogara da gano cirewar faifai ba sai an kashe barcin layi. Don haka idan tsarin barci yana aiki, direba yakan toshe ƙararrawar da ke sanar da sauyin layi, in ba haka ba duk gyangyaɗin da faifai ya yi sai ta kaɗa. Abin da ya fi wannan shafar mai gyara shi ne ƙofar da aka tarar babu kowa a cikinta lokacin tashi: kanel yakan kashe ta gaba ɗaya. Faifan da aka jona daga baya zai yi ta sallama a ƙofar da babu mai ji.

Masu kula da libata sun san da haka, shi ya sa a zubin 6.9 ɗin suka sa ka'ida cewa duk ƙofar da aka yi wa alamar tana karɓar jonin zafi, ko alamar ta waje ce irin eSATA, ba za a sa ta barci ba. To wa ke sa wannan alama? BIOS ne. A manyan allunan cikin kwamfuta da yawa, wato motherboard, akwai zaɓin Hot Plug ga kowace ƙofar SATA, kuma a kashe yake zuwa daga kamfani. Shekara da shekaru babu wanda ya damu da shi a Linux, domin ko an kunna ko ba a kunna ba ƙofar a farke take.

Abin ya yi kama da gidan haya irin namu na Zango mai ƙofa biyu. A takardar gida an rubuta cewa ta baya ba ta baƙi ba ce, amma tsohon mai gadi ba ya duba takarda, ko'ina aka buga sai ya buɗe. Sabon mai gadi ya zo, an ce masa ya rage cin kuɗin mita, sai ya duba takarda, ya kashe fitilar ƙofar baya ya sa mata sakata. Baƙon da ya saba bi ta can bai yi laifi ba, mai gadin ma bai saɓa umarni ba. Takardar ce ba ta faɗi yadda ake amfani da gidan a zahiri ba.

## Yadda abin ya bayyana a wani shago a Nima

Wani abokina yana da shagon gyara a Nima, kuma kamar yawancin masu wannan sana'a, yana da tsohuwar kwamfutar tebur da aka cire wa murfin gefe, wayar SATA ja da ta wuta suna reto a waje, a kanta ake kwashe bayanan mutane daga injinan da suka lalace. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo laftof ɗinta da ya ƙi tashi, lissafin bashin da take bin mutane da hotunan bikin 'yarta duk suna ciki. Yaron shagon ya zare faifan, ya jona kamar yadda ya saba, ya jira, babu abin da ya fito.

"Maigida, wannan kam ya tafi," in ji shi, "ko motsi bai yi ba."

Abokina ya ɗora yatsa biyu a bayan faifan ya ce, "Zo ka taɓa ka ji. Mataccen faifai ba ya juyawa haka. Hajiya, ki ƙara mana haƙuri kaɗan, kada ki tafi tukuna."

Ya ɗauko wani faifan da ya tabbata yana aiki, ya jona a wayar nan, shi ma shiru. Nan ya gane cewa ba faifan Hajiya ne ke da ciwo ba. Da na iso muka duba, sai muka tarar kwana biyu kafin nan an ɗaga injin zuwa sabon kanel. Umarni ɗaya muka rubuta, faifan ya bayyana da duk abin da ke cikinsa. Har yanzu ina tuna yadda ya rage kaɗan matar nan ta tafi gida da labarin cewa lissafinta na shekaru ya salwanta.

## Yadda ake tabbatarwa da yadda ake gyarawa

Gwajin farko shi ne tilasta wa kanel ya leƙa ƙofofin. Kowace ƙofar SATA tana da babban fayil a `/sys/class/scsi_host/` mai suna host0, host1 da sauransu. Idan aka rubuta `echo "- - -" | sudo tee /sys/class/scsi_host/host2/scan`, ana canja lambar har a dace da ƙofar da aka jona, kuma faifan ya fito, to an wanke faifai, an wanke waya, an wanke wuta. Saura ƙararrawa.

Sai a karanta fayil ɗin `link_power_management_policy` da ke cikin wannan wuri. Idan ya nuna `max_performance`, ƙofar a farke take, a nemi dalili a wani gun. Idan ya nuna `med_power_with_dipm` ko `min_power`, an kama bakin zaren. Sababbin kanel suna ma rubuta wannan a rahoton tashi: a layin kowace ƙofa za a ga `lpm-pol` da lamba a gabansa, lamba 3 kuma ita ce tsarin da muke magana a kai. Wata alamar ita ce layin da ke cewa `SATA link down` tare da `SStatus 4`, domin 4 ɗin na nufin an kashe ƙofar ne, saɓanin 0 da ke nufin a buɗe take babu kowa.

Don cire shakku, a sake kunna injin, a shiga jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, a zaɓi tsohon kanel, a tabbatar da `uname -r`, a maimaita jonin. Idan ya yi aiki a tsoho ya ƙi a sabo, magana ta ƙare. Wannan gwaji ne kawai, ba masauki ba.

Gyaran da ya fi tsabta yana cikin BIOS: a shiga saitin SATA, a tabbata yanayin AHCI ne, a kunna Hot Plug a ƙofar da ake jonin zafi a kanta, a bar sauran. Ta haka ƙofa ɗaya ce ke zama a farke, sauran su ci gaba da rage wuta. Akwai wani abu da ya shafe mu a nan musamman. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe saitin BIOS, a injinan hannu sau da yawa ya riga ya mutu. Da an ɗauke wuta, irin ɗaukewar da muke kira dumsor, sai saitin ya koma na kamfani, Hot Plug ya sake mutuwa, mai shago ya rantse cewa ya gyara amma abin ya dawo. Canja batirin yana cikin gyaran.

Wasu injinan, musamman na ofis da manyan kamfanoni ke haɗawa, ba su da wannan zaɓi a BIOS sam. A nan sai a faɗa wa kanel kai tsaye: a ƙara `ahci.mobile_lpm_policy=1` a layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT` cikin `/etc/default/grub`, a gudanar da `sudo update-grub` a Debian ko Ubuntu, a sake kunnawa. Lamba 1 na nufin babu barci ko kaɗan, 0 kuma na nufin a bar abin da BIOS ya saita. Kuɗin wannan shi ne duk ƙofofin za su zauna a farke. A kwamfutar shago wannan ba abin damuwa ba ne, a laftof kuwa batir zai ji a jikinsa. Mai son ƙofa ɗaya tak yana iya rubuta ƙa'idar udev da za ta sa `max_performance` a kanta duk lokacin tashi. A kuma duba ko akwai manhajar rage cin wuta irin TLP ko `powertop --auto-tune` a injin, domin su ma suna sa layin SATA barci, kuma suna iya warware gyaran bayan an gama tashi.

## Wasu cututtukan masu kama da wannan

Ba duk shiru ne na barcin layi ba. Wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne sabuntawar da ba a bi ta da sake kunnawa ba. A Arch Linux, sabon kanel yana share direbobin tsohon daga `/usr/lib/modules`, alhali tsohon ne ke gudana, don haka idan aka jona faifan USB sai kanel ya nemi direbansa ya rasa. Sake kunnawa kawai ya wadatar. A Ubuntu 24.04 mai kanel 6.8 kuwa direbobi da yawa suna cikin ƙunshin `linux-modules-extra`, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa, ko wurin `/boot` ya cika, ana iya tashi da kanel rabi da rabi. Umarnin `sudo dpkg --configure -a` yana ƙarasa abin da ya tsaya. Masu amfani da direbobin da ake ginawa daga waje ta DKMS, kamar na tsarin fayilolin ZFS a Debian, su duba `dkms status`, domin idan ginin ya gaza ko Secure Boot ya ƙi karɓar direban da ba a sa wa hannu ba, faifan zai bayyana amma ba za a iya buɗe shi ba.

Akwatunan USB da ake sa faifai a ciki suna da tasu rigimar. Akwai hanya biyu ta magana da su, tsohuwar usb-storage da sabuwar UAS mai sauri, kuma wasu guntayen akwatunan masu arha suna cewa sun iya UAS alhali suna tuntuɓe a kanta. Alamar wannan ba shiru ba ce, hayaniya ce: layukan sake saiti suna ta maimaituwa a rahoto. Ana samun lambobin akwatin biyu da `lsusb`, a sa su a `usb-storage.quirks=` tare da harafin u a ƙarshe, sai kanel ya koma tsohuwar hanya ga wannan akwati kaɗai.

Zango na huɗu shi ne ya fi jawo ɓarna, domin a nan ne mutane ke yin fomat, wato goge faifai gaba ɗaya. Faifan ya fito a `lsblk`, amma ya ƙi buɗuwa. Yawancin fayafan da ake kawowa shago na Windows ne, masu tsarin NTFS. Tun kanel 5.15 na 2021 akwai direban ntfs3 da kamfanin Paragon ya bayar, kuma yana ƙin buɗe faifan da Windows ya bari da alamar ba a rufe shi daidai ba, abin da kan faru idan wuta ta ɗauke ko an zare shi da gaggawa. Rahoton kanel yana faɗar haka ƙarara. Maganin gaskiya shi ne `chkdsk` a kan Windows. Umarnin `ntfsfix -d` yana goge alamar ne kawai, ba ya gyara ɓarnar da ke ƙarƙashinta, don haka idan bayanan mutum ne masu muhimmanci, a buɗe faifan a yanayin karatu kaɗai a kwashe su tukuna.

Biyu kuma ba ruwansu da kanel, ko da sun zo rana ɗaya da sabuntawa. Wasu manyan fayafan da ke bin ƙa'idar SATA 3.3 ba sa tashi idan tsohon akwatin wuta ya ba haƙori na 3 volt 3.3, domin a wurinsu wannan umarnin kashewa ne. Fayafan NVMe masu siffar M.2 kuwa ba a ƙera su don jonin zafi ba, kuma babu saitin da zai mayar da hakan halal.

## Laifin wane ne?

Masu rubuta kanel suna da hujja mai ƙarfi. Miliyoyin injina suna ƙona wuta a kan ƙofofin da babu wanda zai taɓa jona musu komai, kuma ka'idar AHCI ta riga ta tanadi hanyar da allo zai bayyana ƙofar da ke buƙatar zama a farke. A ganinsu, wanda bai kunna Hot Plug a BIOS ba ya ci sa'a ne a baya, ba haƙƙi aka ƙwace masa ba.

Masu amfani kuma suna riƙe da ka'idar da Torvalds kansa ya daɗe yana tsayawa a kanta, cewa sabon kanel bai kamata ya karya abin da ke aiki ba, har akwai Thorsten Leemhuis da ya ɗauki nauyin bin sawun irin waɗannan koma-baya. Mutumin da ya yi shekara 10 yana jona faifai a ƙofa ɗaya bai ga dalilin da za a ce masa sa'a ya ci ba.

Ni a nawa ganin canjin yana da ma'ana, amma nauyinsa bai faɗa daidai ba. Mai sabon allo zai shiga BIOS ya kunna zaɓi cikin minti biyu. Mai injin da ya shekara 12, wanda kamfaninsa ya daina fitar masa da sabon BIOS tuntuni, shi ne aka bari da neman layin da zai rubuta a GRUB, kuma irin waɗannan injina su ne suka cika shagunanmu da makarantunmu. Abin da ya fi damuna shi ne gazawar ba ta da murya: babu saƙon kuskure, babu gargaɗi, sai shiru, shiru kuwa a hannun wanda bai saba karanta rahoto ba fassararsa ɗaya ce, wato faifai ya mutu. Mu ma masu sana'a muna da namu kason, domin yanke wa faifan mutum hukunci ba tare da gwada wani a wayar ba sakaci ne.

## Abin da wannan ke nufi ga mai shago da mai kawo gyara

Zama a tsohon kanel har abada gudun gara ne a faɗa gidan zago. Injin da ake jona wa fayafan baƙi kullum shi ne ya fi kowane buƙatar gyare-gyaren tsaro, domin direbobin da ke karanta tsarin fayiloli suna cikin wuraren da ake yawan toshe ɓaraka. Idan BIOS da GRUB duk sun gaza, hanyar ita ce kai rahoto ga masu haɗa manhajar da ake amfani da ita, tare da sunan allo, sakamakon `lspci -nn`, da cikakken `dmesg` na kanel mai aiki da na wanda ya ƙi. Damien Le Moal da Niklas Cassel, masu kula da libata, da irin waɗannan rahotanni ne suke sa wa guntaye da fayafai masu matsala togiya a zubi na gaba.

Mai kawo gyara yana da 'yancin tambaya kafin ya karɓi labarin mutuwar faifansa: an gwada shi a wata kwamfutar? An gwada wani faifan a wannan wayar? Kuma kada ya amince da fomat matuƙar ba a kwashe bayanansa ba.

Cirewa ma tana da nata haɗarin, wanda wannan canji ya ƙara. A ƙofar da ke barci, kanel ba lallai ya lura an zare faifai ba, sai ya ci gaba da ɗaukar sdb na nan, idan kuma aka sa wani a gurbinsa alhali akwai rubutun da bai sauka ba, ana iya shiga ruɗani mai tsada. Saboda haka a fara da `umount`, sannan `echo 1 | sudo tee /sys/block/sdb/device/delete`, a saurara har ƙarar juyawar ta tsaya, kafin a zare wayar bayanai, a bi da ta wuta. A shagon abokina yanzu akwai wani tsohon faifai mai gigabait 80 da aka ɗaura wa jan zare, babu komai a cikinsa, kuma duk ranar da aka sabunta kanel shi ake fara jonawa ana kallon rahoto kafin a taɓa na kowa.